Akushin Zaliha

Dattawa huɗu ne ke ciyayya a ƙofar gidan Aisami, gabas da kasuwar Gure, shekara biyu bayan fara ta cinye gero. Da an sallame sallar magariba kowa zai shiga gidansa ya ɗauko akushin tuwon matarsa, a jera kan tabarmar kaba, a riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya ana ci tare. Akwai Aisami mai gidan, wanda ke da lambun dabino a kwari. Akwai Alhasan mai fataucin gishirin mangul. Akwai Ma'azu ladan. Sai Abarshi maharbi, da wani jan karensa da ke kwanciya nesa da tabarma yana jiran ƙashi. Sun fi shekara ashirin a haka. Duk unguwa an san akushin da ake fara buɗewa, an kuma san wanda ake bari sai ƙarshe, a ɗan taɓa shi don kada mai shi ya ji kunya.

Na Zaliha matar Aisami ake fara buɗewa. Matar nan Allah Ya yi ta da hannun miya, Ya kuma yi ta da ƙyanƙyami wanda har ya yi yawa. Ruwan rijiya sai ta tace shi da ƙyalle. In ƙuda ya faɗa fura, to furar ta zama ta awaki. Ba ta taɓa gari sai ta dirje hannu da toka, kuma in maƙwabciya ta ari ludayinta ta mayar, sai ya yi kwana uku a rana kafin ya koma cikin 'yan'uwansa. Mata na gulmarta a bakin rijiya, wai kai ka ce ita ba ta zagawa bayan gida. Suna gulmar suna aikowa a tambayo musu yadda take haɗa daddawarta. 'Ya'yanta mata biyu sun yi aure, ɗaya a Kelle ɗaya can wajen Alakos, gida ya rage daga ita sai mijinta. Abin taƙamar da ya rage mata a duniya shi ne akushin nan ya fita cike ya dawo an ci.

Mace ba ta zama wurin ciyayya, amma akushi na kawo mata labari, kuma Zaliha ta iya karatun nata. Ga gefen Alhasan, ya yi rami ya bar katanga. Ga na Ma'azu, ya bi miya ya bar gayan tuwo. Abarshi mai manyan yatsu, sawunsu huɗu na nan a kwance. Shi kuwa Aisami kullum zai bar loma biyu a gabansa, don dattijo ba ya suɗe akushi kamar wanda ya shekara bai ci ba, ana rage wa na cikin gida. Sai ta duba, ta yi murmushi ita kaɗai, ta wanke ta kife.

Da damina ta fara jin ƙullutu a nononta na hagu, kamar ƙwallon magarya. Ta yi shiru, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kafin a gama girbi ya kai ƙodagon goriba, da bazara ta kama ya fashe ya zama miki. Ranar da lokotoron soja, wani likita Nasara, ya zo daga Damagaram yi wa mutane lambar agana, aka tara unguwa a bariki, Aisami, wanda hancinsa ya riga ya gaya masa, ya matsa mata ta nuna. Ta shiga wani ɗaki mai warin magani, Nasaran ya sa ta kwance zane. Gumi na tsiyaya daga haɓarsa, bakinsa na warin taba, kuma bai daɗe da taɓa dantsen mutum ɗari ba, da wannan hannun ya riƙa latsa ta yana leƙa hammatarta. Ta kafa ido a rufin ɗaki tana haɗiyar miyau don kada ta amayar masa a takalmi. Da ya gama ya yi magana da tafinta a hankali, tafinta ya juyo bai dube ta ba.

"Ya ce daji ne, Iya. Ya ce sai dai a kai ki Damagaram a yanke nonon gaba ɗaya. Ya ce ko an yanke ma bai yi alkawari ba, an bari ya yi nisa."

Zaliha ta ɗaura zanenta. Kowa a ƙasar nan ya tashi da jin cewa daji ba ya son ƙarfe, in wuƙa ta taɓa shi sai ya watsu kamar wuta a shuci. Gaskiya ne ko ba gaskiya ba, ni ban sani ba. Haka dai aka ɗauka, ita ma haka ta ɗauka. Ga kwana biyar a bayan raƙumi, ga mutumin da kansa ya ce bai yi alkawari ba. Ta ce a gaya masa ta gode, za ta koma gida. Labari ya riga ta isa unguwa, don tafintan nan bakinsa kamar rariya yake.

Sai masu magani suka yi mata caa. Wannan ya ce fitsarin raƙumi da sassafe, wancan ya ce toka da kashin jaki. Rubutun da liman ya aiko kaɗai ta sha ba ta yamutsa fuska ba. Wadda ta fi kowa ita ce Habsu, wata tsohuwa daga wajen Kelle, mai farce baƙi ƙirin da zanen da bai ga ruwa ba tun bara. Ta ce daji abu ne mai rai, yana da baki, yunwa ke sa shi cin mutum, a ba shi nama ya ci ya ƙyale mai shi. A yanka akuya, a ɗora ɗanyar hanta kan mikin, a ɗaure, kada a kwance sai bayan kwana uku. Zaliha ta ce ko za ta mutu ba ta yi. Aisami ya yi ta roƙo, ya ma riga ya yanka akuyar, ta dubi idonsa ya yi ja, ta ce to a ɗaura.

A bazarar Gure fa, lokacin da ko inuwa ƙuna take. Rana ta farko ta daure. Ta biyu ƙudaje suka riƙa bin ta daga ɗaki zuwa madafa, manya-manya koraye, in ta zauna su sauka mata a kafaɗa. Ta uku ba ta jira Habsu ba, ta shiga bayan ɗaki ta kwance ɗaurin, abin da ta gani yana motsi a ciki ba zan faɗe shi ba, wataƙila wani na cin abinci. Tsohuwar kuwa da ta zo ta leƙa sai ta washe baki, wai alhamdu lillahi ya ci, a sake yanka wata. Zaliha ba ta yi mata hayaniya ba. Ta nuna mata ƙofa da muciya, ta sa Aisami ya haƙa rami ya binne hantar da tsummokaran duka, ita kuma ta kwashe yashin da tsohuwar ta zauna a kai ta zubar waje.

A makon nan ne akushi ya fara dawowa yadda ya fita, sai dai ya huce. Ko sawun yatsa babu, miya ta yi fata a sama. Aisami ya ce an yi suna gidan Alhasan, kowa a ƙoshe ya zo. Washegari ya ce zafi ne ya hana ci. Rana ta uku sai ya ajiye a bakin madafa ya wuce ɗaki kamar wanda ya yi sata. Mata masu zuwa dubiya su ma daga bakin ƙofa suke sannu, gefen mayafi a hanci, in ta miƙa ruwa su ce yanzu suka sha. Aron ludayi ya ƙare. Ba ta ga laifin kowa ba a wannan karon. Ita kanta in ta sunkuya kan tukunya warin da ke tasowa daga ƙirjinta na sa ta kau da kai, to ina ga bare? Amma abin ya fi maganar lokotoro yi mata ciwo. Mutuwa rigar kowa ce, ta san da wannan. A ce hannunta ne ake ƙyama, ita Zaliha, wannan ne ya hana ta barci. Ta ce wa mijinta ta dakatar da akushi, ya riƙa kai dabino da furar kasuwa sai ranar da ta ce.

Ta zauna ta yi shawara da kanta. Ubanta mai raƙuma ne, ta taso tana ganin yadda ake jinyar mikin da sirdi ya yi a doron raƙumi. Ba a rufe shi da ƙazanta, wanke shi ake yi da ruwan bagaruwa a bar iska ta sha shi. Ta ce abin da ya busar da raƙumi ba zai ƙi mutum ba. Ta sa aka samo mata bagaruwa wajen majema, ta riƙa tafasawa tana tacewa, ta wanke mikin da asuba da azahar da yamma, ta shafa zuma farar saƙa, ta rufe da ƙyallen da ta dafa ta shanya. Ƙyalle ba ya kwana a jikinta sau biyu. Zafin wankin kan sa ta cije gefen zane, amma zafi ne mai tsabta, shi ta iya da shi.

Sannan ta juyo kan cikinta. Ta lura duk ranar da ta ci nama ko man shanu kwana take yi zuciya na tashi, sai ta bar su. Ta bar yaji, ta bar kanwa. Goro da furen taba, waɗanda shekara talatin ba su bar bakinta ba, ta tattara ta ba maƙwabciya, kuma kwana goman farko ko kaza ce ta gifta sai ta sha zagi. Abincinta ya koma kunun gero, dafaffen zogale da rama, dabino uku, nonon raƙumi in makiyaya sun kawo kasuwa, da jiƙon wata saiwa mai ɗaci kamar maɗaci. Ba daɗi take ci ba. Zogale ba gishiri ba ƙuli ai sai a rufe ido. Tana taunawa tana tsine masa, tana kuma haɗiyewa.

Ta kuma bar zaman ɗaki. Tun kafin hantsi za ta bi Aisami zuwa kwari, tana hawa tudun yashi tana hutawa, har su gangara inda dabino da goriba suka yi duhu. Shi yana jan ruwa da jigo yana ba albasa, ita tana zaune kan tabarma a lungun da ba mai gani, ta sassauta ɗauri iska na shiga. Da farko sau biyar take hutawa a hanya, daga baya sau biyu. Ta fara samun barci. Fuskarta ta faɗa, amma idonta ya washe.

Kada in yi muku ƙarya, dajin bai tafi ko'ina ba. Yana nan daram, har wani ƙarami ya fito a hammata, kuma ta san da shi, ba yarinya ba ce. Ba tsawon rai take nema ba, wannan na Allah ne. Wari take yaƙi da shi. Bayan wata biyu da 'yan kwanaki ta zauna tsakar gida da rana tsaka, da gangan, kusa da turken awaki inda ƙuda ya fi yawa, ta jira. Suka yi ta shawagi kan awaki, ba wanda ya kula ta. Ta sa Aisami ya matso ya rantse ko yana jin wani abu, ya rantse ba ya ji. Ranar ta ce masa ya samo naman rago, akushi zai fita.

Ta yi wanka, ta ɗaure ƙirji da ƙyalle ninki uku, ta sa riga a kai, ta dirje hannu sau biyu. Ƙamshin naman da take so a da yanzu tayar mata da zuciya yake yi, sai ta ɗaure hanci da gefen kallabi, tana juya miya ido na ruwa. Ba ta iya ɗanɗanawa, hannu ne ya tuna gishirinsa. Aisami ya ɗauka ya fita, ita kuwa ta kasa zama, ta share tsakar gida sau biyu. Da ya dawo ta karɓa ta buɗe a gaban wuta. Babu ko loma. Ta zauna kan kujera, ta rufe fuska, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar bariki. Aisami ya ce Alhasan na gaishe ta, wai miyar nan ba a magana.

Haka aka yi kwana goma sha biyu. Kullum akushi fes, kullum da saƙon yabo, Ma'azu ya sa albarka, Abarshi ya ce a ƙara yaji. Zaliha har ta fara waƙa a bakin murhu. Ta riƙa hawa tudun kwari ba hutawa. Ta ce wa mijinta ashe bagaruwa da zogale sun fi wuƙar Nasara, ya ce ƙwarai kuwa, yana kallon ƙasa.

Murna ce ta rufe mata ido, in ba haka ba tun ranar farko ya kamata ta gane. Da safen rana ta goma sha uku tana shirin wanke-wanke sai ta tsaya da akushin a hannu. Ina katangar Alhasan? Ina gayan Ma'azu? Shekara ashirin ba a taɓa mayar mata da shi a suɗe ba, yau dattawa huɗu sun koma suɗi kamar 'yan yaye? Ta juya shi a hasken rana, yana wani sheƙi mai yauƙi. Akushin na da tsohuwar tsaga a gindi wadda aka ɗinke da jijiya, inda miya ke maƙalewa, ita kanta sai da tsinke take ciro ta. Tsagar nan tas take, kuma yatsa ba ya shiga wurin. A bakin ɗinkin ga wani ɗan gajeren gashi ja, ba na gemu ba.

Ta ajiye a hankali. Da yamma ta yi girki kamar kullum, ta zuba, Aisami ya ɗauka. Da ya fita ta bi ta jikin darni ta tsaya inda karan ya ɓule, ta kafa ido. Haske bai gama tafiya ba.

Aka fara buɗe nata, kamar yadda aka saba. Alhasan ya ce ma sha Allahu da ƙarfi, yadda za a ji a cikin gida. Sannan ya sa bayan hannu ya tura akushin gefen tabarma, aka jawo na matar Ma'azu, wanda a da ake bari sai ƙarshe, aka far masa. Suka ci, suka yi hirar ruwan da ya ƙi zuwa, suka yi gyatsa, suka yi hamdala. Da aka wanke hannu Abarshi ya yi fito ƙasa-ƙasa, jan karen ya taso yana kaɗa wutsiya, bai ko shinshina ba, ya san wurinsa. Ya tsoma baki cikin tuwon da ta tuƙa tana toshe hanci, miya har ido, harshe na bin kowane lungu. Ma'azu ladan, wanda shi ke koya wa mutane cewa ƙwaryar da kare ya lasa sai an wanke ta sau bakwai, ya juya baya yana jan carbi. Shi kuwa Aisami, mijinta, shi ne ya tsuguna ya riƙe wa karen bakin akushi da hannu biyu don kada ya kife. Da kare ya gama, Aisami ya goge gefen da hannun rigarsa, ya mayar da faifai ya rufe. Sai ta ji Alhasan na cewa a gaya mata yau ma ta yi ƙoƙari.

Tir. Ni da ke ba da labarin ma sai na tofar. Da sun mayar mata da shi cike kamar da, da ta ce tsoro ne, tsoro kuwa ba abin kunya ba ne. Amma dattawa huɗu masu furfura su zauna su shirya wannan, su kira shi kara, su kira shi tausayi, matar mutane na sa hannunta inda harshen kare ya bi, ta ɗauraye sau ɗaya ta kife cikin sauran ƙorai. Zaliha ta lallaɓa ta koma bayan ɗaki ta yi aman da ya fi na ranar hanta. Tana tsugune ta tuna cewa tun bazara Aisami ya koma shan furar kasuwa da safe, wai don kada ta wahala da damu. Da ya shigo da saƙon yabo ta ce ya ajiye can, ta ji.

Washegari ba ta je kwari ba. Ta ɗauki akushin da tsumma, ta sa gatari ta faskara shi, da shi ta hura wutar girkin ranar. Ta shiga ɗaki ta sauko da wani sabo da ta ajiye tun bikin ƙaramar 'yarta, ba a taɓa zuba komai a ciki ba. Ta tuƙa tuwon gero mai laushi, ta yi miyar busasshiyar kuɓewa da naman rago da man shanu, irin wadda ake yi wa baƙon da ake jin kunya. Da aka sallame magariba Aisami ya shigo ya miƙa hannu, ta ce ya wuce, tana tafe. Ya dubi fuskarta, ya wuce.

Ba a taɓa ganin mace a tabarmar nan ba. Ta yi sallama, ta durƙusa, ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye akushin a tsakiya ta ɗauke faifai. Tururi ya tashi. Maimakon ta koma ciki, sai ta ja baya kaɗan ta zauna a yashi ta naɗe ƙafa.

"Bismillah," in ji ta. "Kullum saƙo nake ji. Yau na zo in gani da idona."

Alhasan ya dafa ciki ya ce tun azahar yake fama da murɗa. Ma'azu ya ce shi yau yana azumin nafila. Ya manta shi da bakinsa ya kira magaribar da aka fito yanzu. Abarshi dai bai yi ƙarya ba, wannan zan ba shi, ya sunkuyar da kai yana tonon yashi da tsinke. Karen ya taso da kansa ya nufo tsakiya, aka kore shi, ya koma ya tsaya yana kallonsu.

"Ba na wari, mai gidana ya rantse mini," ta ce, ba ta ɗaga murya ba. "Hannuna na wanke da toka. Akushin sabo ne, wancan na ƙone shi. Me ya rage?"

Aisami ne ya matso. Ya wanke hannu, ya daɗe yana wankewa. Ya yi bismillah, ya yanko loma, ya dangwali miya, ya kai baki. Ta kafa masa ido. Ya runtse nasa, ya riƙe numfashi, bai tauna ba, maƙogwaronsa ya hau ya sauka sau biyu kafin lomar ta wuce, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ya sake miƙa hannu. Ta san fuskar nan. Wata uku ke nan tana yin ta a kan jiƙon saiwa, ba wanda zai koya mata ita. Mutumin da ya shekara talatin yana cin tuwonta yana lashe yatsa ke nan.

"Bari, Malam," ta ce. "Tuwo na tuƙa, ban dafa magani ba."

Ta mayar da faifai, ta ɗauki akushinta, ta yi musu sai da safe. Ba wanda ya ce ta tsaya, shi ma bai biyo ta ba.

A tsakar gida ta zauna gaban murhu ta buɗe. Tuwon na nan da ɗuminsa, gurbin loma ɗaya a gefe. Ta ce a ranta su suka sani, ita ta san hannunta, ba za a yi asarar gero ba tana da baki. Ta zuba ruwa ta wanke hannu, ta sake wankewa. Ba ta taɓa miyar ba, nama ba nata ba ne yanzu. Gayan tuwo ta yanko daga ɗaya gefen, gero ne tsagwaronsa, irin wanda take shan kununsa kullum. Ta ɗago lomar, sai idonta ya sauka kan yatsun, waɗannan dai da ke wanke mikin sau uku a yini. Tas suke, ta sani, ita ta wanke su. Ta kai lomar bakin leɓe, ta buɗe baki, lomar ta ƙi shiga. Ta jira, ta sake gwadawa. Ta daɗe zaune da lomar a hannu har ta huce, sannan ta mayar da ita cikin akushi ta rufe.